Darasi na Goma Sha Ɗaya: Irin Gida da Yadda Ƙungiya Za Ta Riƙe Shi

Wannan darasi na zama biyu ne, kuma an fi son a yi shi da kaka, tun dawa tana tsaye a gona. A fara bayan an gama zubi, an ƙirga kuɗi, an kulle akwati. Tun saura mako guda jagora ta gaya wa kowace 'yar ƙungiya ta ƙullo ɗan irin da ke ɗakinta a tsumma, ko da cikin cokali ne: gero, dawa, wake, gujiya, riɗi, kuɓewa, yakuwa, rama, duma, duk abin da ya samu. A tanadi faifai kamar biyar, da tsohon zani mai tsabta, da kwalba busasshiya, da ɗan gishiri.

Zama na farko: Me ke hannunmu, me ya suɓuce?

Jagora ta shimfiɗa faya-fayan a tsakiya, kowa ta kwance ƙullinta. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya uku: Wannan mene ne sunansa? Daga ina kika same shi? Me ya sa ake shuka shi?

Ki lura da abin da zai faru. Amarya ko mai goyon fari za ta ce, “Ai wake ne.” Tsohuwar da ke gefe kuwa za ta miƙo hannu ta ce, “Miƙo nan in gani, 'yar nan. Wannan Ɗan Ila ne, wancan mai manyan ƙwaya kuma Kanannado.” Kada ki yi sauri ki wuce wurin nan, don shi ne darasin. Ki ce, “Inna, ƙara mana bayani, mene ne bambancinsu?” Ki bar ta ta yi magana har ta gama.

Mutanen da ba don kwalliya suka riƙe iri kala-kala ba. Ɗan Ila yakan riga nuna, a samu na tukunya da wuri. Kanannado yana daɗewa, yana yaɗo sosai, kuma bayan ƙwaya yana ba da harawa, wadda ita ce abincin tumaki da awaki in rani ya yi nisa. Duk mai turke ta san darajar harawa, balle mu da kasuwar Wudil take ci a kusa da mu kowace Juma'a. Dawa ma haka: akwai kaura mai ruwan ɗorawa, akwai farfara, kowace da tuwonta da irin ƙasar da take so. Gero shi ke fara isowa ya kori yunwar tsakiyar damina, maiwa kuma sai daga baya. Akwai karan dafi da dukawa suke rina fata da shi. In aka haɗa biyu ko uku a gona ɗaya, ruwa ya ɗauke da wuri wani ya sha, ruwa ya zarce wani ya ji daɗi. Da wuya a tashi a tutar babu.

To yaya iri yake ɓacewa? Ba rana ɗaya ba ne, kuma ba wanda yake yin shela. Bazara ta yi tsanani, a ce bari a taɓa na iri kaɗan, kafin a ankara an cinye. Yaro ya kwanta rashin lafiya, a kai shi kasuwa. Biki ya taso, a sayar. Ƙwari su shiga tulu su mayar da shi gari. Ko a yi shuka, ruwa ya yi fashi, shuka ta ƙone, a sake, har na ajiya ya ƙare. Wani lokacin ma tsohuwar da ke riƙe da shi ce Allah ya yi wa rasuwa, aka share ɗakinta, aka ga wasu ƙulle-ƙulle a cikin tukunya ba a san na mene ne ba, aka watsa wa kaji.

Manyanmu da ke zaune a nan sun ga farin 1973, sun ga na 1984. Sun kuma ga yadda a 1975 ƙwarin darɓa suka yaɗa cuta a gonakin gyaɗa a ƙasar Kano, noman da a da ake tara dala da shi a birni ya durƙushe. Jagora ta tambaye su: a waɗannan shekaru, ina aka samo abin shukawa da damina ta zagayo? Wane iri ne ake da shi kafin nan wanda ba a ƙara gani ba? Sakatariya ta rubuta duk sunan da aka ambata, ko da mutum ɗaya ce ta tuna shi.

A nan sai a yi hattara, kada wata ta tashi da fahimtar cewa muna yaƙi da irin zamani. Ko kaɗan. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA mai reshe a Kano sun fito da wake mai saurin nuna, da wanda wuta-wuta ba ta cika yi wa illa ba, kuma manoma sun amfana. Wadda ta samu ta shuka. Abin da muke cewa shi ne, kada sabo ya sa a zubar da tsoho. Ita kanta IITA tana ajiye da nau'in wake fiye da 15,000 a ɗakunan sanyi a Ibadan, don daga cikin tsofaffin ake tsamo halayen da ake gina sababbin da su. Har a ƙasar Norway an haƙa wata ma'ajiya a cikin dutse mai ƙanƙara, aka buɗe ta a 2008, ana kai irin duniya can. Masu digiri ke nan suke tattalin abin da mu muke watsa wa kaji. Sai dai kun san in ruwan shuka ya sauka daren Talata, ba wadda za ta tafi Ibadan ta karɓo iri ta shuka ranar Laraba. Wanda ke cikin Achika shi ne namu.

Abu ɗaya kuma a sani: masarar kamfani da ake ce wa haibirid, in aka ajiye 'ya'yanta aka sake shukawa ba ta yin kyau kamar shekarar farko. Ita sai dai a saya duk shekara. Irin gida kuwa, in an iya zaɓe an iya ajiya, na bana shi zai haifi na baɗi.

“Mu da ba ma zuwa gona fa?”

Lalle wata za ta yi wannan tambaya, kuma tana da gaskiya. Yawancinmu maigida ne yake noma, shi yake yanke abin da za a shuka a gandu. Amma ku duba: da an kawo amfani gida, hannun wa yake shiga? Wa ke sussuka, wa ke sheƙa, wa ke ɓarar gyaɗa? Wa ta san dawar da tuwonta yake kwana bai saki ba, da waken da ke saurin dahuwa bai ci itace ba? Kuɓewa da yakuwa da kabewar bayan ɗaki kuma, wane namiji ne ya taɓa ajiye irinsu? Ga zawarawa da tsofaffi masu 'yar gayaunarsu. Ajiya dai ta mata ce tun asali.

Wannan tsari na akwati da muke bi, ai ba daga Turai aka faro shi ba. A yankin Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE ta ɗora shi a kan adashin da mata suka saba yi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu ƙasashe da yawa. Wasu daga cikin ƙungiyoyin can da suka yi ƙarfi ba su tsaya kan kuɗi ba, sun riƙa sayen hatsi da kaka suna ajiyewa saboda bazara. Matan da suka iya riƙe akwati mai kwaɗo uku shekara guda ba a ji kansu ba, riƙe jarka biyar ta iri ba zai gagare su ba.

A rufe zaman farko da wannan: cikin sunayen da sakatariya ta rubuta, a zaɓi iri huɗu ko biyar kawai da za a fara da su. Kada a ce za a kwashe duka, za a gaji. A fi ba da ƙarfi ga wanda ya rage a hannun mutum ɗaya ko biyu.

Zama na biyu: Rumbun irin ƙungiya

Za a buƙaci 'yan sa kai uku. Ɗaya tsohuwa wadda ta san iri da ido. Ɗaya mai ɗaki busasshe, marar yoyo, wanda ba a hura wuta a ciki, ita za ta ajiye. Ɗaya mai rubutu, boko ko ajami duk ɗaya ne, in ma babu a nemi 'yar makaranta. Kada mai riƙe akwatin kuɗi ta zama ita ce mai ajiye iri, nauyin ya yi yawa a kan mutum ɗaya.

Bari mu faɗi gaskiya a kan aikin sa kai. Shekarar farko kowa tana marmari. Shekara ta biyu sai a bar wa mace ɗaya, ita ce shanya, ita ce korar kaji, ita ce duba jarka, ba sannu ba na gode. Ta uku sai ta ce ita ma tana da abin yi, rumbu ya mutu. Don haka tun yau a rubuta cewa duk ranar rabo za a sake zaɓe, kuma a fitar wa ukun nan da ɗan abin sabulu ko goro daga abin da aka ware. Ba albashi ba ne, alama ce cewa an gani.

Kuɗin fa? Ba daga asusun taimako ba, wannan na ciwo ne da haihuwa da rasuwa. A yi wani ɗan zubi daban na ɗan lokaci. Misali, in ku 25 ne, kowa ta ƙara naira 100 a mako har mako takwas, an tara naira 20,000. Ku duba farashin ranar ku ga abin da za ta saya na jarkoki da buhu da littafi, ragowar a ajiye wa ranar taro.

Zaɓen iri tun a gona ake yi, ba a rumbu ba. Wannan sai an haɗa da maigida ko ɗa ko ƙane, a yi masa bayani cikin ladabi kafin girbi. A zaɓi zangarniya mai cika daga karan da ya tsaya lafiya, a guje wa duk wadda burtuntuna ta taɓa. Gero da masara iska ce take kwasar bununinsu daga gona zuwa gona, shi ya sa suke saurin gauraya da na maƙwabta, to nasu a ɗebo daga tsakiyar gona, ba bakin iyaka ba. Kuma a ɗebo da yawa, zangarniya hamsin ko fiye. In daga biyu ko uku ake cirewa kullum, iri yana raguwa da ƙarfi. Dawa da wake ba su cika gauraya haka ba. Kuɓewa kuwa, kuskuren da muke yi shi ne mu cinye masu kyau, sai 'yan ƙarshe da suka ƙeƙashe mu ce su ne iri. A ɗaura tsumma a jikin uwa biyar ko shida mafi kyau, a bar wasu 'ya'yansu su bushe a kai. Gyaɗa a bar ta cikin ɓawonta sai shuka ta kusa.

Sai shanya. A shanya a tabarma ko zani, ba a kan kwalta ko kwanon rufi da tsakar rana ba, zafin yana kashe idon iri. Yadda za ki san ya bushe: ki ciza, in ya ce ƙaras ya fashe, ya yi. In kina shakka, jagora ta nuna gwajin kwalba yanzu a gaban kowa. A zuba iri kamar kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar kwalba, a sa cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a ajiye ɗan lokaci, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar shanya.

Wajen ajiya, dabarar iyayenmu tana nan da amfaninta: wake a cikin tulu a gauraya da toka mai sanyi da aka tankaɗe ko yashi mai laushi, a liƙe baki da laka. Zangarniyar gero da dawa a rataye inda hayaƙi yake ɗan bugawa. Wasu suna sa busasshen ganyen darbejiya ko barkono. Na yanzu kuma akwai jarka: a wanke ta bushe sarai, a cika ta har wuya, a sa leda a baki a murɗa murfi, kada a riƙa buɗewa. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu. Haka buhun PICS yake aiki, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, kowanne ana ɗaure shi daban, ba a sa magani. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kuma a kula da ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Kowace jarka a rubuta mata sunan iri, da sunan wadda ta kawo, da shekara.

Jagora ta tsaya a nan ta ja kunne da kyau. Kada a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a cikin abin da za a ajiye a ɗaki. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu tana fitar da iska mai guba, ba a kwana ɗaki ɗaya da ita, an sha rasa rayuka ta haka. Irin da aka saya an rina shi ja ko kore kuma magani ne a jikinsa, ba a ci, ba a ba kaji, ko da an wanke.

In bazara ta shigo, saura kamar wata guda a yi shuka, a gwada kowace jarka. A ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, a ƙirga ƙwaya 20, a jera a jiƙaƙƙen zani, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe. In 16 ko fiye sun tsiro, iri yana da rai. In 12 zuwa 15 ne, a ƙara yawan ƙwaya a kowane rami. In bai kai 12 ba, a nemi wani tun da sauran lokaci, wannan kuma a shuka shi a bayan ɗaki a sabunta shi. Gara a gane a tsumma da a gane a gona. Kuma duk irin da ke rumbu sai an fitar da shi an shuka duk shekara, iri ba gwal ba ne da za a binne.

Maganar aro

Wadda ta rasa abin shukawa za ta zo ta ara, a rubuta. A wasu wurare ana cewa ka ɗauki kwano ɗaya ka dawo da ɗaya da rabi. Mu ba mu ba da wannan shawara ba, don bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce. Kwano ɗaya aka ara, kwano ɗaya za a mayar da kaka, irin wancan ɗin dai, zaɓaɓɓe, busasshe, kuma tsohuwarmu ta duba kafin a karɓa. Wadda Allah ya buɗa wa ta ga dama ta ƙara don kanta, wannan kyauta ce. In akwai abin da ya shige muku duhu ku aika a tambayi liman.

To ta yaya rumbu zai ƙaru? Ta gayya. A nemi aron 'yar gona ko wani kangon fili ta hannun mai unguwa, a shuka irin da ya fi ƙaranci. Ranar noma mazajenmu da samarinmu su fito, mu kuma mu dama kunu mu yi dambu, kamar yadda ake yi tun da. Roron wake da sussuka namu ne. Duk abin da aka samu na rumbu ne.

In damina ta ɓaci wa wadda ta ara fa? A yanke wannan tun yanzu, kafin ya faru da wata, don in an bari sai ya faru za a ce son kai aka yi. Ko a ɗaga mata zuwa baɗi, ko a yafe. Kada a kira sunanta a taro.

Ranar baje iri

Tsofaffi za su ba ku labarin kalankuwa, bikin da samari da 'yan mata suke yi bayan an kawar da amfanin gona. A garuruwa da yawa an daina. Ba kiɗan muke son dawowa da shi ba, haɗuwar muke so: rana ɗaya a shekara da gari zai ga abin da yake da shi.

A sa ta bayan an gama girbin dawa, kuma kada ta faɗa Juma'a, mutane suna kasuwa da masallaci. Shugaba da wata dattijuwa su sanar da mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, a gaya wa liman da Sarkin Noma. Kowa ta nemi izinin maigidanta tun da wuri. Mata su yi nasu a cikin babban gida da hantsi, a fitar da wasu faya-fayan ƙofar gida maza su gani. A gayyaci ƙungiyoyin mata na maƙwabta, irin su Darki da Utai da Lajawa, don sau da yawa abin da ya ɓace a nan yana nan a tukunyar wata a can. In an samu malamin gona na KNARDA, ko ɗaliban noma na jami'ar da ke Wudil, su zo, amma a gaya musu sauraro suka zo yi tukuna, jawabi daga baya.

Ba anko, ba hayar rumfa, ba lasifika. Kuma kada a bari wani mai neman ƙuri'a ya mayar da shi taronsa, in ya kawo gudummawa a karɓa a yi godiya a rubuta a littafi.

Kowace mace ta zauna a bayan faifanta. A dafa abin da ake yi da kowane iri a ɗanɗana: ɗanwake, dafaffiyar gujiya, kwaɗon rama, kantun riɗi, tuwon kaura kusa da na farfara. Yarinyar da ba ta taɓa cin abu ba, ba za ta damu in ya ɓace ba. A fito da dutsen niƙa da akushi da ludayi da ƙoren duma yara su taɓa. 'Yan makaranta su zauna gaban tsofaffi da littafi: “Iya, wannan yaushe ake shuka shi? Wace ƙasa yake so? Kwana nawa yake yi?” Mai waya ta ɗauki murya, in tsohuwar ta yarda.

Za ku haɗu da wadda ba ta son ba da nata. Kada a yi mata gori. Wataƙila daga ɗakin mahaifiyarta ta taho da shi ranar da aka kawo ta, shekara arba'in tana tattalinsa. A roƙe ta cikin cokali ɗaya, a rubuta sunanta a jikin jarka, a yi mata alkawari duk ranar da nata ya lalace ita ce farkon wadda za a ba. In ta ce a'a, a ƙyale ta sai baɗi. Abin da aka raba a ranar kuma kyauta ne, ba ciniki ba.

Aikin gida kafin zama mai zuwa

Kowace 'yar ƙungiya ta ziyarci tsohuwa ɗaya wadda ba ta cikinmu, ta gaishe ta, ta tambaye ta irin da take da shi da wanda ta sani a da. 'Yan sa kai uku su zo da farashin jarka da na buhun PICS. Shugaba ta zo da amsar mai unguwa a kan fili da kuma ranar da ya ga ta dace.